Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Kano kan dokar tace fina-finai da ɗab'i

Mai Girma Kakakin Majalisa da masu girma 'yan majalisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni malamin makarantar sakandare ne a cikin birnin Kano, darasin Gwamnati nake koyarwa, kuma uba ne ga 'yan mata da suka fara tasawa. Ku na rubuto wa, ba Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ba, domin ita da abin da kuka danƙa mata take aiki. In wuƙa ta dakushe, ko ta yanki wanda bai kamata ba, maƙeri ake fara tambaya. Ku ne maƙeran.

Bari in kawar da wani zato tun da wuri. Ba na cikin masu cewa gwamnati ba ta da hurumin sa baki a kan abin da ake nuna wa jama'a. Tana da shi, kuma a rubuce yake. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya ce ana iya taƙaita wannan 'yanci da doka domin kare tarbiyyar jama'a, matuƙar dokar ta dace da ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. A kan fim ma maganar ta fi haka fitowa fili. Abu na 16 cikin jerin al'amuran da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu ya yarje wa kowace jiha ta kafa hukumar tace fim tata, ya kuma ce takardar Abuja ba ta isa a nuna fim a jiha ba sai da amincewar hukumar jihar. A kan wannan turbar aka kafa tamu a 2001, bayan dawo da shari'ar Musulunci a 2000. Duk wanda ya ce hukumar haramtacciya ce bai karanta littafin ba.

Damuwata daban ce. Wannan iko ba ɗaya yake a kowace kafa ba, amma mun ɗauke shi tamkar ɗaya ne. Sakamakon haka ƙarfinmu yana ƙarewa a inda ɓarnar ta fi ƙanƙanta, inda ta fi yawa kuwa sai dai mu yi ta kumfar baki.

Fim naku ne, babu musu. Rediyo da talabijin kuwa, lasisinsu da zangon da suke watsa shirye-shirye a kai na gwamnatin tarayya ne, a hannun hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa, NBC, wadda aka kafa tun 1992. Layin waya da data na hukumar sadarwa ta ƙasa ne, NCC. Kamfanonin intanet, ɗan abin da ake iya yi musu daga Abuja ake yin sa. Littafi ma matsayinsa daban. Inda sashe na 39 ya lissafa kafofin da gwamnati za ta iya tsara wa yadda za su yi aiki, ya ambaci tarho da rediyo da talabijin da nunin fim, bai ambaci littafi ba. Ba wai marubuci ya fi ƙarfin doka ba ne; Penal Code ɗinmu, wato kundin dokokin hukunta laifuka, ya daɗe da hukunta sayar da littattafan batsa da rera waƙoƙin batsa a bainar jama'a. Amma hukunta mutum bayan kotu ta tabbatar ya rubuta batsa abu ne guda, tilasta masa ya kai rubutunsa ofis a duba kafin ya buga kuma wani abu ne daban. Na biyun sai da hujja mai ƙarfin gaske.

Waɗanda suka tsara abin haka ba don son rai suka yi ba. Akwai tambayar da ke ƙarƙashinsa: wanda ya gani ko ya ji, shi ya nema, ko kuwa abin ne ya same shi har inda yake? Ko a Amurka, inda suke ji da 'yancin magana, kotun ƙolinsu ta yarda a 1978 cewa gwamnati na iya hukunta gidan rediyo kan kalaman banza da rana tsaka, don rediyo yana shiga gida ba sallama kuma yara na ji. Kotun nan dai a 1997 ta soke dokar da ta so a yi wa intanet irin wannan ɗauri. Ba sai mun bi su a inda suka tsaya ba, tarbiyyarmu ba tasu ba ce. Amma tambayar da suka yi tana da amfani a ko'ina.

In da wannan ma'auni za a auna, kafar da ta fi cancantar hannun hukuma a garin nan ba kyamara ba ce, lasifika ce. Kowannenku ya san motar mai maganin gargajiya da ake fakawa a bakin kasuwa ko kusa da tasha, an jera kwalabe da ƙulle-ƙullen gari a kan bonet, an manna hotuna a gilashi, murya kuma tana tashi tana maimaita kanta tun hantsi har la'asar. Ana kiran sunan gaɓoɓin da ko a gaban likita mutum sai ya sakaya, ana kwatanta abin da ke tsakanin miji da mata dalla-dalla, 'yan kallo na dariya. Wata ranar Asabar muna cikin a-daidaita-sahu da 'yata ta tsakiya cunkoso ya tsayar da mu daidai irin wannan mota. Direban ya ƙure rediyonsa don ya rufe muryar, bai rufe ba. Ita ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, ni na zura wa bayan kujerar direba ido, har aka saki hanya babu wanda ya ce uffan. Ba mu sayi tikiti ba, ba mu danna komai ba. An sha sanar da hana wannan talla, an sha kame, bayan 'yan makonni su dawo. Ga shi ba a Kalifoniya suke ba kamar manyan kamfanonin intanet, a ƙasar Kano suke fakawa, da lambar mota da komai. Wannan ikonku ne ɗari bisa ɗari, ba ya bukatar izinin kowa.

Ƙanwar lasifika ita ce tallar maganin maza da kayan mata a wasu gidajen rediyo, wadda kan faɗo a tsakiyar shiri lokacin da ake cin tuwon dare. Lasisin ba naku ba ne, na sani. Amma ƙa'idar NBC da kanta ta keɓe lokacin iyali da daddare, kuma babu abin da ya hana gwamnatin jiha ta riƙa tattara irin waɗannan tallace-tallace, da rana da sa'a, ta kai ƙorafi a hukumance.

Yanzu ku dubi inda ƙarfin yake tafiya. A watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa. Dalilin da ta bayar shi ne ba a kawo su an tace kafin a sake su ba. Doka doka ce, wanda ya karya ta ya amsa. Sai dai waɗannan su ne shirye-shiryen da uwa da 'ya'yanta ke kallo tare a tsakar gida. Masu yin su suna da ofis, suna da suna, suna da rajista, shi ya sa ake iya kama su. A daren da aka dakatar da su babu bidiyon banza ko ɗaya da ya ragu a wayar kowa.

Na san abin da ke cikin wayoyin nan domin aikina ya sa ina ƙwace su. Dokar makarantarmu ta hana shigowa da waya, ana dai shigowa da ita a safa, a cikin kwanon abinci, a tsakiyar littafin lissafi da aka faƙe. Wadda ta fi tsaya mini a rai ta wata yarinya ce 'yar aji biyar, mai natsuwa, wadda ko ɗaga murya ba ta yi. Ba bidiyo take kallo ba, karatu take. Littafin Hausa ne na onlayin da ake saki shafi-shafi a wani rukunin WhatsApp. Shafukan farko kyauta ne, daga nan marubuciyar ta ajiye lambar asusu, ta ce mai son ci gaba ya tura kuɗi a sa shi a rukunin manya. Yarinyar ta tura, daga kuɗin tara. Layi huɗu na karanta na kife wayar. Babu sunan gaskiya a jikin littafin, babu maɗaba'a, babu shagon da za a rufe, babu kwafin da za a ƙona. Marubuciyar tana iya kasancewa a unguwarmu, tana iya kasancewa a Yamai ko Jidda.

Na ce ƙonawa da gangan. A 2007 an cinna wa littattafan soyayya wuta a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jiha, A Daidaita Sahu, daga baya aka nemi marubuta su yi rajista ɗaya bayan ɗaya. Waɗancan littattafan suna da sunan marubuci a bango, ana sayar da su a fili a kasuwa, kuma akasarinsu, in aka gwada da abin da ke yawo yau, wa'azi ne. Ba na cewa ƙonawar ce ta kashe kasuwar littafi, waya ce ta kashe ta. Amma mun kori rubutun daga inda ido ke ganinsa, ya koma inda ba ya gani, kuma bai koma da kunyarsa ba.

Akwai abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi a bakina, amma gara in faɗa. Duk lokacin da doka ta ce "abin da ya saɓa wa addini da al'ada" ta yi shiru, ta bar fassara a hannun wanda ke kan kujera. Wanda ke kan kujera kuma gwamna ne ya naɗa shi. Mun ga inda wannan ke kaiwa, kuma ba a gwamnati ɗaya ba. A zamanin da Malam Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar an ɗaure Adam A. Zango a 2007 kan wani bidiyon waƙa. An ɗaure mai shirya fim Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, wanda ya nemi kujerar gwamna a 2007, bisa tuhumar rashin rajista da sakin fim ba tacewa. An kama Aminu Ala a 2009 kan waƙa. 'Yan fim da yawa suka tattara kayansu suka koma Kaduna da Jos, suka ci gaba da aiki, fina-finan kuma suka ci gaba da shigowa Kano. A 2019, ana tsakiyar rikicin gwamnati da masarauta, aka kama Naziru Sarkin Waƙa kan waƙoƙin da aka ce ba a tace ba. A 2022 kotun majistare ta sa aka yi wa wasu samari biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara da sharar kotu, saboda bidiyon da suka yi wa gwamna shaguɓe. A can sama ma haka: NBC ta hana sa waƙar Eedris Abdulkareem a 2025, waƙar da ba tsiraici a cikinta sai kukan tsadar rayuwa.

Ba na wanke kowa a cikinsu. Wataƙila wasu sun karya ƙa'ida da gaske. Abin da nake so ku lura da shi shi ne yadda talaka ya karanta waɗannan shari'o'i: ya karanta cewa hukumar tarbiyya sandar mai mulki ce. Ranar da kuwa hukumar ta tashi yaƙi da batsa ta haƙiƙa, sai wanda aka kama ya ce siyasa ce, rabin gari su yarda da shi. Ku da kuke majalisa kun fi ni sanin cewa mai rinjaye yau shi ne ɗan adawa gobe. Dokar da kuka bari da faɗin baki, wata rana mawaƙinku za ta haɗiye.

Saboda haka roƙona na farko, ku zauna ku rubuta abin da ake nufi da batsa a cikin dokar, da kalmomin da alƙali zai iya aunawa: bayyana tsiraici, kwatanta saduwa, kalaman da ke kiran al'aura don tayar da sha'awa, sa yara a cikin irin wannan. Malamanmu na fiƙihu ba su taɓa jin kunyar fayyace irin waɗannan abubuwa ba, lauyoyi ma haka. Sannan ku ƙara layi guda da zai ce sukar gwamnati ko mai riƙe da muƙami ba ya cikin hurumin wannan hukuma. Wanda aka ɓata wa suna ga kotu nan, dokar ɓata suna tana nan daram.

Sai maganar wanda ke yanke hukunci. A 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce NBC ba ta da ikon cin tarar gidajen watsa labarai, a shari'ar da ta taso daga tarar naira 500,000 da ta ɗora wa tashoshi 45 a 2019. Hujjar kotun ita ce hukuma ba za ta zama mai ƙara kuma alƙali a lokaci guda ba. Wannan hujja ba ta tsaya a Abuja ba. Idan hukumarmu za ta soke lasisin mutum, ko ta hana shi sana'arsa shekara guda, a ba shi dalili a rubuce, a saurare shi, a kuma ba shi inda zai ɗaukaka ƙara cikin ƙayyadadden lokaci. Fim ɗin da aka kai tacewa shi ma a sa masa wa'adi. Mai shirin da ke fita duk mako a YouTube ba zai iya jiran wata guda ba, kuma jinkirin ne ke sa wasu su saki abinsu su ce in ta fashe ta fashe.

Ina kuma ganin lokaci ya yi da za mu daina ɗaukar cewa fim ko dai ya halatta ga kowa ko ya haramta ga kowa. Hukumar tace fina-finai ta tarayya tana sa alamar shekaru, 12, 15, 18. Fim ɗin da ke magana kan fyaɗe ko shaye-shaye ko cutar yoyon fitsari ba na ɗan shekara bakwai ba ne, amma al'umma na bukatarsa. A 2024 an hana fina-finan da ke nuna daba da daudu. Na fahimci dalilin, unguwarmu ma ta sha fama da 'yan daba. To amma wanda ke son ya nuna yadda yaro ke faɗawa daba, da yadda take ƙarewa da shi, ta ina zai bi?

Na bar waya a ƙarshe don ita ce mai wuya, kuma duk wanda ya ce muku yana da maganinta a aljihu yaudararku yake. Jiha ba ta iya rufe TikTok. Tarayya ma da ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, yara suka koyi VPN, manhajar zagaye shingen, cikin kwana biyu, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka. Kamen 'yan TikTok ɗaya-ɗaya kuwa mun ga amfaninsa da iyakarsa. Wasu sun shiryu, Allah ya saka wa waɗanda suka yi musu nasiha. Wasu kuma ranar da aka sako su mabiyansu suka ninka. Kun kuma tuna yadda maganar salon kamen Hisbah ta kai har Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye muƙaminsa na shugaban Hisbah a farkon 2024 kafin a sasanta ya dawo. Ko a cikin gwamnati ɗaya ba a gama daidaita baki kan iyakar abin ba.

Amma akwai abin da za a iya. Tun 2022 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa manyan dandamali sauke hoton tsiraicin da aka yaɗa ba da yardar mai shi ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta hukunta tura batsa da kuma batsar da ta shafi yara. Ƙofofin nan a buɗe suke, mu ne ba mu da mai bi ta cikinsu. Ku kafa ɗan ƙaramin sashe, ko a cikin hukumar ko a ma'aikatar shari'a, na matasa masu jin Hausar titi da sanin waya, aikinsu tattara shaida da kai rahoto ga kamfanonin da hukumomin tarayya, da bin sawu har a sauke. Ku haɗa kai da majalisun Katsina da Jigawa da Kaduna da sauran maƙwabta ku matsa wa kamfanonin nan su ƙara masu duba abin da ake wallafawa da Hausa. Na'urarsu tana gane tsirara, ba ta gane habaici da zaurance, alhali rabin batsar da ake yi da harshenmu da baki ake yin ta, mai yin ta sanye da hijabi har ƙasa ko babbar riga. Mai sayar da littafin batsa ga yara kuma, tun da lambar asusu yake ajiyewa, ba aljani ba ne. Da umarnin kotu banki ya san shi.

Wannan sashe ya zama kuma inda yarinya za ta kai kuka. Na ga abin da ke faruwa idan tsohon saurayi ya saki hoton yarinya, ko ya riƙa karɓar kuɗi a hannunta da barazanar zai saki. Ita ake cirewa daga makaranta, ita ake fasa aure da ita, shi kuwa yana zaune a majalisarsu yana shan shayi. Ba ta zuwa wurin hukuma domin tana tsoron ita za a fara tuhuma, kuma tsoron nata ba na banza ba ne. Ko a 2007, abin da ya jawo aka dakatar da harkar fim wata shida bidiyon sirri ne na wata 'yar fim da ya fita daga waya, ba fim ba. Aka hukunta masana'anta sukutum, maganar wanda ya yaɗa shi kuwa ta bi iska. Ku rubuta a doka cewa mai yaɗawa shi ne mai laifi, wadda ta kawo ƙara kuma a sakaya sunanta.

Mu iyaye da malamai muna da namu kason, ba na ɗora muku shi. Ba majalisa ce ta saya wa ɗan shekara goma sha biyu waya ba.

Abin da nake nema a hannunku shi ne ku buɗe zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan doka kafin a sake yi mata wani gyara. Ku kira malamai da 'yan fim da marubuta, ku kira Hisbah da lauyoyi, ku kira masu gidajen rediyo da masu tura fina-finai a waya. Ku kira shugabannin makarantun 'yan mata, domin su ne ke da labarin da ba ya zuwa jarida. A sa zaman ranar da ba makaranta, don mu ma mu samu zuwa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Birnin Kano.